Fim ɗin The Wall na Pink Floyd: gargaɗi ne, ko kukan mai ɗora wa kowa laifi?

Malamin Sakandare:
Assalamu alaikum 'yan zaure. An ce kowa ya kalli Pink Floyd – The Wall kafin mu haɗu, to ni na kalla, kuma gara in faɗi matsayata da wuri. A ganina wannan ba fim ba ne. Kundin waƙoƙin da Pink Floyd, ƙungiyar mawaƙan Birtaniya, ta fitar a 1979 aka ɗauko aka liƙa masa hotuna, aka kai silima a 1982. Minti 95 ana abu ɗaya, babu wata hira ta kirki, jarumin, wani mawaƙi mai suna Pink, na zaune a ɗakin otal ya ƙura wa talabijin ido, sigari na ci har ya kai masa yatsa. Amma ba ma wannan ne ya fi ci mini rai ba. Labarin mutum ne da ya ɗora wa kowa alhakin lalacewarsa. Ubansa ya mutu a yaƙi, ya ce tubali ne. Uwarsa ta cika kaffa-kaffa da shi, tubali. Malami ya ci masa fuska, tubali. Matarsa ta bi wani, tubali. Da su ya gina katangar da ya killace kansa a ciki. To shi fa, ina nasa laifin? Sannan a tara yara 'yan makaranta suna rera cewa ba sa bukatar ilimi, su farfasa tebura, su banka wa makarantar wuta. Ni da nake riƙe alli kullum, ban ga abin tafi a nan ba.

Mai Kyamara:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni sana'ata yanka hoto da haɗa shi, don haka bari in tsaya a kan maganar cewa ba fim ba ne. Ka tuna wurin da aka bar Pink yana yaro a filin wasa? Ya hango wani mutum yana wasa da ɗansa, sai ya matsa kusa, mutumin ya ɗaga shi ya ɗora a kan abin wasan, ba tare da wani tunani ba. Da lokacin tafiya gida ya yi, mutumin ya kama hannun ɗansa, shi ma Pink ya zo ya kama ɗaya hannun. Mutumin ya fizge. Yaron ya sake bi, aka sake korar sa. Sai ya koma kan lilo shi kaɗai, yana ta mutsu-mutsun kaɗa kansa, ga sauran yara can iyayensu na tura su. Malam, wannan babu shi a faifai. A faifai abin da waƙar ta ce kawai shi ne uba ya ƙetare teku, ya bar hoto a gida. Kyamara ce ta nuna mana abin da rashin uba ke nufi ga yaro a ranar da kowa ya fito da nasa. In wannan ba aikin fim ba ne, to mene ne aikin fim? Kuma ka sani da farko niyyarsu ita ce a ɗauki wasannin da ƙungiyar ta yi a 1980 da 1981, inda ake gina katanga a kan dandamali tsakaninsu da 'yan kallo. Da an bi wannan hanya, da maganarka ta zauna daram. Amma aka watsar, darakta Alan Parker ya ɗauki labarin da 'yan wasa, Gerald Scarfe ya yi zane mai motsi na kusan minti 15, kuma ba a nuna 'yan ƙungiyar suna kiɗa ko sau ɗaya ba.

Ɗan Damagaram:
Mu da muka tashi da fina-finan Indiya mun saba waƙa ta zo ta dakatar da labari, a yi rawa a gama, a ci gaba daga inda aka tsaya. Nan kuma waƙar ita ce labarin, in ka tashi shan ruwa ka dawo ka rasa kan zance. Ya wahalar da ni a farko, don yanzu kana ramin yaƙi, yanzu kana otal, yanzu kana gadon yaro mai zazzaɓi. Amma ban ji kamar waƙoƙi ne aka jera ba. Na ji kamar an tura ni cikin kan mutumin da tunani ya yi wa yawa.

Malamin Sakandare:
Filin wasan ya taɓa ni, wannan kam haka ne. Amma wuri guda ba ya ɗaukar nauyin fim gaba ɗaya. Kuma ku duba abin da masu abin suka ce da bakinsu. Parker ya sha faɗa cewa aikin na daga cikin mafi baƙin ciki da ya taɓa yi, saboda rigimar da ke tsakaninsa da Roger Waters, ɗan ƙungiyar, da Scarfe, kowa na ja ta nasa ɓangare. Shi kansa Waters, wanda ya rubuta labarin daga rayuwarsa, ya ce fim ɗin ya yi ta dukan ido da kunne babu sassauci har bai bar wa mai kallo damar tausaya wa Pink ba. Idan mai ɗaki ya ce rufinsa na yoyo, mu baƙi ne za mu ce a'a?

Mai Kyamara:
Malam, rigimar masu aiki ba ita ke yanke wa aiki hukunci ba. An nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a 1982, ya ci kyaututtuka biyu na BAFTA, wato gasar fina-finai ta Birtaniya, na sauti da na waƙa, kuma Roger Ebert, wanda ya ƙare rayuwarsa a sharhin fina-finai, ya sa shi cikin jerin manyan fina-finansa a 2010. Waters kuwa yana kallon rayuwarsa ce a jikin wani mutum. Ba mamaki ya ga abin bai yi masa daidai ba.

Ɗalibar Tarihi:
Malam, ranka ya daɗe, ni a kan batun makarantar nake son magana, don akwai abin da aka tsallake. Ƙona makarantar nan bai faru ba. Bi yadda abin ya zo: malamin ya kama Pink yana rubutu a aji, ya ƙwace littafin, ya ga waƙa ce yaron ke rubutawa, sai ya karanta ta da ƙarfi cikin izgili yara na dariya, ya kaɗa masa rula a hannu. Daga nan ne aka shiga wurin da yara ke tafiya a layi da fuskokin roba iri ɗaya, suna faɗawa cikin injin niƙa nama, sai bore, sai wuta. Da aka gama, kyamara ta dawo aji, ga yaron nan zaune yana murza hannunsa, darasi na ci gaba. Mafarkin ido biyu ne na yaron da aka wulaƙanta, wanda ba shi da ikon komai. Kuma makarantar da ake nufi ita ce ta Ingila a shekarun 1950, irin wadda Waters ya yi a Kambirij. Duka a makarantun gwamnatin Birtaniya halal ne a doka har 1986, lokacin da majalisa ta hana shi da ratar ƙuri'a ɗaya tak, dokar ta fara aiki a 1987. Wato ranar da fim ɗin ya fito, ana kan dukan yara a can. Sannan ka duba su wa suka fi fahimtar waƙar nan ta "ba ma bukatar ilimi". A 1980 ɗaliban Afirka ta Kudu da ke ƙaurace wa azuzuwa saboda ilimin wariyar launin fata suka ɗauke ta suna rerawa, gwamnatin wariya ta haramta ta. Waɗannan yara ba ilimi suke gudu ba, ilimi na gaskiya suke nema, suna ƙin wanda aka tsara don ya danne su.

Malamin Sakandare:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, tarihin da kika kawo daidai ne. Amma ke kin zauna kin kalla daga farko zuwa ƙarshe da idon ɗaliba. Mutum nawa ne ke yin haka? Waƙar nan ita kaɗai ta fita ta zagaya duniya, ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a ƙarshen 1979, ta hau a Amurka a 1980. Wanda ya ji ta a rediyo, ko ya ga guntun bidiyon a waya yau, ba ya ganin yaro yana murza hannu. Wuta yake gani, da malami ana jan sa. Kuma inda aka yi waƙar, makaranta dole ce, kyauta ce, kowane yaro na da kujera. Wanda ya ƙoshi ne ke iya ture kwano. Mu nan ina da yaran da sai na bi iyayensu har gida kafin a bar su su zo aji, wasu ana cire su a tsakiyar zango a tura talla ko gona. Ki ce in yaba wa waƙar da amshinta ke cewa ba a bukatar ilimi? Ban musa cewa akwai malamai azzalumai ba, na zauna da su a ofis ɗaya. Amma a duk fim ɗin nan babu malami ɗaya na kirki, ko da na minti guda.

Baba Ɗan Fansho:
Malam, na bar ku kuna yi ne don in ji inda za ku dosa. Ni na fara jin waƙoƙin nan a kaset tun ina saurayi, fim ɗin kuwa sai da girma ya zo na gan shi. Akwai abin da ya kamata ka sani, zai yiwu ya sassauta maka. Mahaifin Waters malamin makaranta ne. Mahaifiyarsa ma malama ce. Uban ya fara ƙin ɗaukar bindiga saboda aƙida, yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya lokacin da ake ruwan bama-bamai a Ingila, daga baya ya sauya shawara ya shiga soja. An kashe shi a yaƙin Anzio a Italiya a watan Fabrairun 1944, ɗansa na da wata biyar a duniya. Ba a samu gawarsa ba, sunansa kawai aka rubuta a dutsen tunawa da ke Cassino. Saboda haka ba ɗan maƙiyan ilimi ne ya rubuta labarin ba.

Wurin da ya fi tsaya mini shi ne inda yaron ya buɗe durowar uwarsa. Ya tarar da kakin soja a ninke, da aska, da harsasai, da takardar ta'aziyya daga Sarki George na shida. Waƙar da ke tafiya a wurin, wadda ba ta cikin kundin 1979, ta ce sa hannun sarkin ma hatimin roba ne aka buga. Sai yaron ya sa hular ubansa ya tsaya gaban madubi. Ni na san wannan. Ƙanin mahaifinmu ya tafi Burma da sojojin Afirka ta Yamma a yaƙin Hitila, bai dawo ba, ya bar ɗa a goye. A gidanmu yaron ya tashi, muna ce masa Yaya. Ba a rage shi da ci ko sutura ba, amma har ya tsufa ba ya son zama cikin taro, kuma ba ya barin kowa ya matso shi sosai, har matansa. Mutane na cewa girman kai ne. Da na ga fim ɗin nan sai na tuna shi, Allah ya jiƙansa. Yau ma ga 'ya'yan sojoji nan birjik da aka bar wa iyayensu mata. Don haka da ka ce Pink na ɗora wa ubansa laifi, ban yarda ba. Maraya ba laifi yake ɗora wa mamaci ba, nemansa yake yi.

Anti Nas:
Amin, Baba, Allah ya jiƙan magabata. Malam, tambayarka ta "ina nasa laifin" fim ɗin ya amsa ta, kuma ya amsa tun kafin ƙarshe. Ka duba zamansa da matarsa. Ta zo gabansa a ɗakin kwana tana neman ya kula ta, shi kuwa yana karkata kai don ta tare masa ƙwallon da yake kallo. Ta same shi a bakin fiyano tana masa magana, ya ɗago ya dube ta kamar bai taɓa ganin ta ba. Sai bayan wannan ne ta haɗu da mai fafutukar yaƙi da makaman nukiliya. Da Pink ya bugo waya daga Amurka namiji ya ɗauka, mu masu kallo mun riga mun san wa ya fara barin wani. A shari'ar ƙarshe ma, wadda shi ya gurfanar da kansa a cikin kansa, abin da alƙalin ya kama shi da shi shi ne wahalar da ya ba matarsa da uwarsa, hukuncin kuma a rushe katangar kowa ya gan shi.

Abin da ya fi girgiza ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne wurin allura. Mutum ya farfasa ɗaki, ya wurga talabijin ta taga, ya zauna a ƙasa yana jera tarkacen ɗaya bayan ɗaya cikin tsari, ya aske gira da gashin jikinsa har jini na ɗiga. Duk wanda ya yi aiki a sashen masu taɓin hankali ya san wannan mutum asibiti yake bukata. Manajansa, wanda Bob Hoskins ya fito a matsayinsa, ya ɓalle ƙofa ya shigo yana ihu, damuwarsa wasan da aka sayar wa mutane tikiti. Aka danna masa allura don kawai ya miƙe, aka ja shi zuwa mota. Babu wanda ya tambaye shi me ke damunsa. An ce askin girar daga Syd Barrett aka ɗauko shi, wanda da shi aka kafa ƙungiyar kafin hankalinsa ya gushe, ya zo musu ɗakin naɗar waƙa a 1975 da kai da gira a aske har suka kasa gane shi.

Amma akwai inda nake tare da Malam ɗari bisa ɗari, kuma ku maza babu wanda ya taɓo shi. Mata a fim ɗin nan ba su da baki. A zanen Scarfe furanni biyu sun fara da shauƙi, ta macen ta haɗiye na namijin. Matar ta rikiɗe ta zama dodo mai harbi. Hannuwan uwa sun zama katanga. Macen da yaƙi ya mayar bazawara, ta raini ɗa ita kaɗai, sakamakonta kenan?

Mai Kyamara:
Anti, ai duk zanen nan a cikin kan Pink yake faruwa. Shi ne ke ganin su haka, ba fim ɗin ba. Ke da kanki kin nuna cewa a wuraren da aka ɗauka da 'yan wasa matar mutum ce mai haƙuri, uwar kuma tana kwana a kan ɗanta in ba shi da lafiya. Bambancin da ke tsakanin matar gaske da dodon zane shi ne ke gaya mana mutumin ba shi da lafiya. Da an gyara zanen ya yi adalci, da an ɓoye ciwon.

Anti Nas:
Ƙanena, na ji wannan hujja, kuma ba ta ishe ni ba. Wa ya zaɓi a zauna a cikin kansa minti 95 ba a fita ba? Marubuci ne da darakta. Sun ba dodon launi, da kiɗa mafi daɗi, da ƙwarewar mai zane, matar gaske kuwa 'yan daƙiƙoƙi aka ba ta, ko sunanta ba mu sani ba. Ka fita daga kallon nan ka tambayi kanka wacce ka fi tunawa. Ita yarinyar da ya kai ɗakin otal ya dinga jifa da kwalabe tana neman wurin ɓuya, an ƙara waiwayar ta? Na sha karɓar irinta a asibiti da daddare, kuma su ma labarin mijin ake tambaya, ba nasu ba.

Ɗan Damagaram:
Anti ta yi gaskiya. Ni kuma abin da ya hana ni barci shi ne gangamin nan, inda Pink ya fito da baƙaƙen kaya, ga tutoci masu guduma biyu a gicciye, yana nuna mutane da yatsa a fitar da su, wannan baƙar fata ne, wancan Bayahude ne. Sai ga mabiyansa a titi suna fasa shagunan baƙi suna dukan baƙar fata. A matsayina na baƙin mutum jikina ya yi sanyi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne an ɗauke shi da kyau ƙwarai, kiɗan na ɗaga jini.

Ɗalibar Tarihi:
Yaya, tsoronka na da tushe. An yi amfani da ainihin tsageran samarin Ingila masu aske kai, waɗanda ake kira skinheads, a cikin taron, ba duka 'yan wasa ba ne. Kuma a ƙarshen shekarun 1980 wata ƙungiyar masu aƙidar fifikon farar fata ta taso a Dallas ta jihar Teksas, Hammerskins, ta ɗauki guduma biyun nan daga fim ɗin ta mai da su tambarinta. Abin da aka zana don a tsorata mutane da shi, wasu suka ɗinka a riga. Har a 2023 'yan sandan Berlin sun buɗe bincike a kan Waters saboda ya sa irin kayan nan a wasansa, shi kuma ya ce shekara da shekaru yana yin wannan fitowa ne don la'antar mulkin fasist, wato kama-karya irin ta Hitila.

Amma asalin wurin daga kansa ya fito. A 1977, a babban filin wasa na Montreal a Kanada, hayaniyar 'yan kallo ta harzuƙa Waters har ya tofa wa wani saurayi yawu a fuska. Abin ya dame shi, ya ga ya zama wani iri, yana tsaye a sama dubban mutane na masa ihu ba tare da suna sauraron abin da yake faɗa ba. Daga nan tunanin katangar ya samo asali. Gangamin nan tuhumar kansa ce da ta masu yi masa tafi: mutumin da ya yanke hulɗa da kowa, in aka ba shi lasifika da jama'a, ga abin da zai iya zama. Shi kuwa Bob Geldof da ya fito a Pink, mawaƙi ne ɗan ƙasar Ailan, wanda bayan shekara uku ya shirya wasan Live Aid na 1985 saboda yunwar Habasha.

Malamin Sakandare:
To ai kin kawo mini hujjata da hannunki, 'yata. Niyyar marubuci daban, abin da ya isa ga jama'a daban. Ya yi nufin la'antar 'yan Nazi, 'yan Nazi suka samu tambari. Ya yi nufin sukar mugun malami, yara suka samu taken ƙin makaranta. Sau biyu kenan. Mai koyarwa in ya ga rabin aji sun fahimci akasin abin da ya faɗa, ba ya cewa yaran ne dakikai, yakan koma ya duba yadda ya gabatar da darasin.

Baba Ɗan Fansho:
Malam, rabin aji ka ce, amma ba rabi ba ne. Miliyoyi sun saurari kundin nan, tsirarun da zuciyarsu ta riga ta ƙeƙashe ne suka ɗauki gudumar. Kuma waɗanda suka fahimce shi daidai su ma jama'a ne: ga yaran Afirka ta Kudu, ga dubban ɗaruruwan da suka taru a Berlin a watan Yulin 1990, bayan faɗuwar katangar birnin, Waters ya yi musu wasan a filin da a da ba a isa a taka ba. Sannan ka lura da abu ɗaya. Uban Pink sojojin Hitila ne suka kashe shi. Ɗan da ya girma yana sa hular uban a gaban madubi, shi ne ya wayi gari cikin kayan waɗanda suka kashe uban. Wannan ba talla ba ce, faɗuwa ce da babu wadda ta fi ta muni, kuma shi da kansa ya yi ihu ya ce a tsaya, aka same shi tsugune a banɗaki yana karanta 'yan rubuce-rubucensa. Wanda ya ga wannan ya ce yana sha'awar zama haka, da ciwonsa ya shigo.

Mai Kyamara:
In ƙara a kan na Baba. Bayan hukuncin, kyamara ta tsaya a kan katangar shiru na ɗan lokaci, har ka fara tunanin ko na'urarka ce ta tsaya, sannan ta tarwatse da ƙara. Ba a sake nuna mana Pink ba. Sai ƙananan yara a titi bayan tarzoma suna kwashe ɓaraguzai, wasu na loda tubala a motar wasa. Ɗaya ya tsinci kwalbar fetur mai tsumma a baki, ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya zubar da fetur ɗin. Malam, fim ɗin da ke son yara su ƙona makaranta ba zai ƙare da yaro yana zubar da fetur ba.

Ɗan Damagaram:
Ni kuwa da na ga suna tara tubalan nan, cewa na yi wata katangar za su gina. A faifan ma an ce maganar da ta rufe waƙar ƙarshe ita ce ke ci gaba a farkon ta farko, abin na zagayowa ne. Ban ga alamar an tsira ba.

Malamin Sakandare:
Kun gani ko? Ku biyu kun kalli wuri ɗaya, ɗaya ya ga tsira, ɗaya ya ga maimaici. Ni dai ɗalibaina ba za su gan shi ta hannuna ba. Ko a Amurka ba a yarda yaro ya shiga kallonsa shi kaɗai ba, ga tsiraici ga jini. Abin da zan iya yi shi ne in yanko wurin da malamin ya karanta waƙar yaron yana masa dariya, in nuna wa abokan aikina a taron malamai. Akwai wanda na sani da ke karanta amsar yaro a gaban aji don a yi masa ihu, yana ganin hakan gyara ne. Ina so ya ga fuskar yaron nan lokacin da ake dariyar. Iyakar abin da zan ɗauka daga ciki kenan.

Ɗalibar Tarihi:
To Malam, ka haɗa da wurin da ke biye mana, inda aka nuna malamin a gida wajen cin abinci, matarsa ta tilasta masa haɗiye guntun naman da ya tofar, ana haɗa hoton da na yadda yake zane yaro a makaranta. Zai nuna musu cewa mai duka ma akwai abin da ke cin sa.

Malamin Sakandare:
A'a, wannan kam ba zan sa ba. Ki duba da kyau abin da wurin ke cewa: malamin mugu ne saboda matarsa ta fi ƙarfinsa. Ko muguntar namiji sai da aka nemo macen da za a rataya wa. In na nuna wa malamai wannan, na ba su mafaka ne, kowa ya ce daga gida aka ɓata masa rai. Wanda ya ɗaga hannu ya doki yaro, hannunsa ne.

Anti Nas:
Malam, ka riga ni. Uwa, da matar Pink, da matar malami, mata uku kenan, kuma kowacce an tsayar da ita a bayan laifin wani namiji. Ƙanena Mai Kyamara, ka ce duk a cikin kan Pink ne. To teburin cin abincin malamin nan, yaushe Pink ya shiga gidan har ya gan shi? In ka ce shi ma ƙirƙirar yaron ce, sai ka gaya mini dalilin da ya sa aka ɗauke shi da 'yan wasa kamar gaske, ba a zana shi ba.